Kasko Ɗari Huɗu

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Fadaman Mada ya san shagon Mika'ilu, ko yana so ko ba ya so, don guduma ba ta neman izinin kunnen kowa. Murhun gawayi yake ƙerawa, irin mai jikin ƙarfe a waje da kaskon yumɓu a ciki, wanda mata ke so saboda yana riƙe zafi kuma ba ya cinye gawayi kamar na gwangwani zalla. Gaban shagon na maza ne, masu yanka ƙarfe da walda da fenti. Bayan shagon kuwa, a wani fili da Mika'ilu ya kama haya, can yayarsa Yelwa take mulki, ita da matoyarta, inda ake gasa kaskon yumɓun.

Yelwa ta girme shi nesa ba kusa ba. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu a gidansu na Ƙofar Wambai, kuma har ya yi furfura a gemu Auta take kiransa, a gaban ma'aikatansa ma, shi kuma ya amsa yana sosa ƙeya. Aure ya kai ta wani ƙauye ta wajen Dass, inda ta koyi ginin tukwane a hannun uwar mijinta. Mijin ya rasu, 'ya'ya biyun da ta haifa ba su rayu ba, ta dawo Bauchi da akwati ɗaya. Da Mika'ilu ya fara ƙera murhu, sai ya gina mata matoya ta jan bulo, ya ɗaukar mata mata biyu, Liatu da Sauda, masu cuɗa yumɓu da buntun shinkafa. Tun daga ranar Yelwa ta daina zaman shiru a zaure. Ta koma mace mai faɗa da dariya, wadda in tana toyi ko kai ne mai filin sai ka yi sallama daga nesa.

Shekarun farko sun yi daɗi. Daga baya kowane mai walda a garin ya koyi yin murhun, ciniki ya rabu gida-gida, itace ya yi tsada, mai fili kuma ya fara ƙara haya kamar wanda ake binsa da bulala. Mika'ilu yana aiki daga safe zuwa magariba, amma in wata ya ƙare sai ya rasa inda ribar ta shige.

'Yarsa Fati ce ta gano inda take shigewa. Ta yi karatun lissafin kuɗi, kuma tana zuwa shagon ranar Asabar ta duba masa shige da fice. A lokacin wani dillali mai suna Amos ya riga ya zo sau biyu da samfurin kasko daga wata masana'anta ta wajen Jos, inda inji ke buga su dubu-dubu. Mika'ilu ya kore shi duka biyun, da fara'a dai, amma kora ce.

Wata Asabar da hantsi, Fati ta ja kujera kusa da shi ta rage murya.

"Baba, zan faɗi magana, amma ka bari in kai ƙarshe."

"In ta Amos ce, na ji ta."

"Ba ta Amos ba ce, tamu ce. Matoyar Goggo tana da ci iri biyu. Akwai yumɓu da buntu, waɗannan ba komai ba ne, kowane kasko da ɗan abin da yake ci. Amma hayar fili, da albashin su Liatu, da gyaran bulo, da itacen toyi, waɗannan ba ruwansu da ko kasko goma aka yi ko ɗari biyar. Dole a biya su duk wata. In kaskon na da yawa, nauyin ya rabu a kansu, kowanne ya zo da araha. In kaɗan ne, kowanne ya ɗauki kaya ya fi ƙarfinsa."

"To, sai me?"

"Akwai inda yi da saye suke kunnen doki. Na lissafa, na sake lissafawa. In muna sayar da murhu ɗari huɗu a wata, namu da na Amos kuɗinsu ɗaya. In mun haura haka, namu ya fi araha. In mun gaza, kowane kaskon da Goggo ta toya asara ne a kanmu."

"Mu nawa muke sayarwa?"

Ya san amsar sarai, so yake dai ya ji ko za ta canza a bakin wani.

"Ɗari da hamsin, Baba. Watan azumi ne kawai muka taɓa ɗari biyu."

Mika'ilu ya sunkuyar da kai. Fati ba ta ji daɗin abin da ta faɗa ba. Yelwa ce ta yi mata kitson farko, ita ce kuma ta sayar da awakinta biyu ta cika mata kuɗin makaranta a shekarar ƙarshe. Amma yarinyar ta ga inda shagon ya dosa, kuma mutum shida ke cin abinci ta dalilinsa ban da iyalin gida.

Ya yi sati biyu yana jan ƙafa. Sai mai fili ya aiko cewa wani mai buga bulon siminti na son wurin kuma zai biya ninki. A ranar Mika'ilu ya kira Amos ya ba da kafin alƙalami, aka yi da shi zai kawo kaya ƙarshen wata. Ya kuma ce wa mai fili ya ji, zai sakar masa wurinsa. Komai ya kammalu, saura abu ɗaya, a gaya wa Yelwa.

"Ni zan gaya mata," ya ce wa Fati. "Yayata ce, ba aike za a yi mata ba."

Ya same ta da la'asar a ƙarƙashin rumfa, ta miƙe ƙafafu tana fasa hudojin toka a gindin wani ɗanyen kasko da ɗan karan da take aiki da shi. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar kullum. Ya tambayi gwiwarta. Ya tambayi zafi. Ya tambayi ko yumɓun da aka kawo wannan karon yana da kyau. Ta ɗago ta dube shi.

"Auta, tun kana tsumma in ka yi ɓarna haka kake zagaye-zagaye. Me ya faru?"

A nan ne ya kamata ya faɗa. Mu da muka san shi mun san ba matsoraci ba ne, mutum ne da ya taɓa riƙe ƙarfe mai zafi jajur da hannu don kada ya faɗo wa wani. Amma a gidan da ya tashi ƙane ba ya buɗe baki ya ce wa wadda ta goya shi aikinta ya ƙare. Sai ya ɗauko maganar daga gefen da ba ta da ƙaya.

"Fati ce ta yi wani lissafi, Yaya. Wai matoyar nan tana ci da yawa. Wai sai an kai kasko ɗari huɗu a wata kafin ta riƙe kanta."

Ya tsaya nan, yana fatan za ta ji sauran da kanta, ta sauƙaƙa masa. Ita kuwa abin da aka faɗa shi ta ji.

"Ɗari huɗu?"

"E, Yaya."

"Shi ne ka zo kana ta haɗa gumi? Ai sai ka ce a ƙara hannu. Tashi ka ba ni wuri, ka aiko a ƙaro yumɓu."

Ya tashi ya ba ta wuri. Washegari ya aika aka ƙaro yumɓu, da kuɗinsa.

Yelwa ba ta taɓa wuce ɗari biyu da hamsin a wata ba, ko a shekarun da gwiwarta ke da lafiya. Yanzu ga bazara ta kankama, irin zafin Bauchi da ke sa kare ya ƙi tashi ko an taka masa wutsiya, ita kuma ta ɗaura zani a ƙugu. Da ta idar da sallar asuba take hawo keke napep daga Ƙofar Wambai. Ta daina kishingiɗar azahar. Ta sa aka ƙara rumfa da tsofaffin buhuna don kaskon ya bushe a inuwa, saboda in rana ta buge ɗanyen yumɓu tsagewa yake. Ta raba aikin toyi biyu, ɗaya tsakiyar wata, ɗaya ƙarshe. Liatu ta yi ƙorafi cewa bayanta zai karye.

"Mama, wannan aiki ya yi yawa fa. Oga ya ce za a ƙara mana ne?"

"Oga ya ce in ba mu kai ba, wurin nan ba zai riƙe kansa ba. Ke kina so ki koma soya awara a bakin titi?"

Liatu ta ci gaba da cuɗa.

Mika'ilu kuwa ya daina leƙa baya. In yana son ruwan alwala sai ya aika, in ya ji muryarta tana nufo ƙofar da ta haɗa shagon da filin sai ya tuna yana da saƙo a kasuwar Muda Lawal. Da ta aiko a sayo itacen toyin farko ya saya. Da ta aiko a sayo na biyu ya sake saya, ya haɗa mata da man zafi na gwiwa, kamar man zafi zai yi magana a madadinsa.

Fati ba ta gane abin da ake ciki ba sai da ta zo wata Asabar ta ga kuɗin yumɓu ya ninka. Ta tsaya a kan mahaifinta, idonta ya yi ja.

"Baba, ba ka gaya mata ba."

"Na fara."

"Me ka ce mata?"

Ya gaya mata. Ta dafe kai.

"Innalillahi. Baba, ɗari huɗun da za a sayar na ce, ba wanda za a toya ba. Ai yanzu kashe kanta take yi a banza."

"Na sani, Fati. Kina tsammani ban sani ba?"

"To ni zan gaya mata."

Ta wuce fuu, ta tura ƙofar baya. Abin da ta tarar ya tsayar da ita. Kasko ne jere a ƙasa sahu-sahu, jajayen da aka toya a gefe guda, ɗanyu masu ruwan toka a ɗaya gefen, har babu wurin sa ƙafa. Yelwa ta rame, wuyanta ya fito, amma fuskarta kamar ta amarya. Ta kamo hannun Fati da hannunta mai yumɓu.

"Zo ki gani, 'yar boko. Ke kika yanka mini ɗari huɗu ko? To ki shirya alƙalaminki. Ɗari biyu da goma sun fita lafiya, guda uku kawai suka fashe. Ga sauran nan suna shan iska. Kin ga Goggonki ta tsufa?"

"A'a, Goggo."

"To me ya sa kike kallona haka?"

"Ba komai, Goggo. Sannu da aiki."

Fati ta fito ta zauna a bayan injin walda ta yi kukanta, ƙarar injin ta rufa mata asiri.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, kafin wata ya ƙare kusan duk layin mun sani. Mai bulo ya riga ya zo ya auna filin da ido ta kan katanga. Masu walda sun sani, mai shayi ya sani, ni ma da nake ba ku labari na sani. Kowa ya ce ba huruminsa ba ne, maganar gida ce. Muna ganinta tana saukowa daga keke da ƙyar, tana dafa gwiwa, mu ce mata sannu da ƙoƙari, ta ce yawwa. Ban taɓa ganin ladabin da ya yi mugunta irin wannan ba.

Toyin ƙarshe ta yi shi ranar Talata. Ta cika matoyar har baki, ta liƙe ƙofar da laka, ta sa wuta. Ba ta zauna gaban wutar ba, don akwai wasu 'yan kasko da take son gyara wa baki ko za a buƙaci cike gurbi, sai ta bar Sauda da tura itace, ita tana ba da umarni daga rumfa. Aka bar matoyar ta huce. Ranar Alhamis da safe ta fasa lakar.

Sun fito kamar an zaɓe su. Liatu na miƙowa, Sauda na jerawa, Yelwa na ƙirgawa da ƙarfi, tana ɗorawa a kan ɗari biyu da goman toyin farko, don a ji a gaban shago. Da ta kai ɗari huɗu sai Liatu ta rangaɗa guɗa, ga kuma sauran guda bakwai a hannu. Yelwa ta share fuska da gefen zani ta ɗaga murya.

"Ku kira mini Auta! Ku ce ya zo da 'yarsa!"

Daidai lokacin motar Amos ta tsaya a ƙofar shagon, a-kori-kura shaƙe da kwalaye. Amos mutum ne mai son a san ya iso. Ya yi oda sau biyu, ya diro yana washe baki.

"Oga Mika'ilu! Ga kaskonka na kawo, ko ɗaya bai fashe ba. Ina za a sauke? A baya?"

Kafin wani ya tare shi, ya riga ya ɗauki kwali ɗaya ya tura ƙofar baya da kafaɗa. Ya ga kasko ɗari huɗu a jere, ya ga tsohuwa a tsaye a tsakiyarsu. Dariyarsa ta ɗauke. Ya ajiye kwalin a hankali ya ce sannu Mama, ya fice.

Mika'ilu ya shigo, Fati na bayansa. Guduma ta yi shiru a gaban shagon, abin da ba mu saba ji ba da rana.

"Mene ne wannan, Auta?"

Ya durƙusa a cikin tokar, gwiwa biyu. Wannan karon ya faɗa duka, kansa a ƙasa. Ya faɗi maganar Amos, ya faɗi maganar mai fili, ya ce ranar Asabar mai bulo zai karɓi wurin. Ya ce ɗari huɗun na murhun da ake sayarwa ne, su kuma ko rabin haka ba sa sayarwa.

Yelwa ta saurara har ya gama. Ta juya wajen Fati.

"Ke gaya mini, don ke ba kya zagaye. Da na yi ɗari biyar fa?"

"Ba zai canza ba, Goggo."

"Dubu fa?"

"Ko dubu ne. Sai ma asarar ta ƙaru, don babu masu saye." Muryar Fati ta karye. "Ba daga hannunki ba ne, Goggo, wallahi ba daga hannunki ba ne."

"Yaushe aka yanke?"

Ta dubi fuskokinsu, sai ta gane.

"Tun kafin ka zo ka tambaye ni gwiwata."

"Yaya, ki yafe mini. Bakina ne ya kasa."

Ba ta yi faɗa ba, mu kuwa da muke leƙe ta kan katanga faɗan muke jira, don da ta yi shi da mun samu sauƙi. Ta taka a hankali zuwa kwalin da Amos ya ajiye, ta yage bakinsa, ta zaro kasko ɗaya. Ta juya shi, ta duba hudojin, ta shafa bakinsa da babban yatsa. Sannan ta ɗora shi a tafin hannu ta ƙwanƙwasa da ƙumba, ta kai kunne. Ya yi ƙara siririya mai tsawo.

"Ya toyu," ta ce. "Ba za a zage ka a kansa ba."

Ta mayar da shi cikin kwalin. Ta dubi su Liatu, ta tambayi Mika'ilu me zai yi da su. Ya ce Sauda za ta koma fenti, Liatu kuma yana nema mata wuri. Ta gyaɗa kai. Fati ta matso tana cewa kaskon Goggo za a fara amfani da su, za su kai kusan wata uku, ba za a taɓa na Amos ba sai sun ƙare. Yelwa ba ta ko dube ta ba. Matoyar take kallo, wadda bakinta ke buɗe, baƙi ƙirin, da sauran ɗumi yana fitowa.

"Auta, ba rufe wurin ne ya fi yi mini ciwo ba. Na san abu yana ƙarewa, na binne miji na binne 'ya'ya." Ta nuna bakin matoyar da hannu. "Shekara goma sha ina toyi a nan, ban taɓa barin wani ya tura mini itace ba. In wuta ta kama sosai akwai wani ja da take yi, ni kaɗai nake zama in kalle shi. Ran Talata ban ko leƙa ba. Ina can ina gyaran baki, ina ƙirga, don in cika maka lamba. Da ka gaya mini, da na san ita ce ta ƙarshe, da na zauna."

Mika'ilu ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Babban mutum da furfura, a gaban ma'aikatansa.

Yelwa ta wanke hannu a bokiti, ta daɗe tana cire yumɓun da ya shige ƙarƙashin ƙumbarta. Ta ɗauki hijabinta daga kan igiya ta saka. Ya miƙe da sauri ya ce bari ya ɗauko babur ya kai ta gida.

"Zauna, kana da baƙo," ta ce. "Liatu, tsayar mini da keke."

Ta bi ta tsakanin sahun kaskon tana ɗage hijabi don kada ya taɓa su, ta fita ta gaban shagon. Amos ya cire hula ya matsa mata. Keken ya tsaya, ta dafa ƙarfen ta ɗaga ƙafa, gwiwar ta ƙi. Ta sake gwadawa. Mika'ilu na tsaye a bakin ƙofa da hannu a miƙe, bai san ko an yarda ya taimaka ba, har Liatu ta zo ta tallafe ta ta shiga.